Shiga jirgin ruwa daga Jidda: yadda za ku kare kanku da yaranku daga amai da gudawa

A dare na uku da shigarmu jirgi, wajen ƙarfe biyu, 'yar ƙanwata mai shekara shida ta tashi zaune a kan gado tace "Anti cikina", kafin in kunna fitila ta riga ta yi amai a kan bargo. Kafin asuba ta yi sau biyar, ga gudawa ta biyo baya, washegari da yamma Gwaggo ta kwanta, kwana ɗaya bayan haka ni ma na bi sahu. Tafiyar kwana bakwai ce a Bahar Maliya, kuɗin da muka daɗe muna tarawa, amma kwana huɗu a ɗaki muka yi su muna kallon ruwa ta taga. Kuma wallahi jirgin tsaf yake, ma'aikata suna goge ko'ina dare da rana, matsalar daga hannayenmu ta fito. Shiyasa duk wanda yace min zai shiga jirgi, ko na shaƙatawa ne irin waɗanda suka fara tashi daga tashar Jidda a 'yan shekarun nan suna zagaya Yanbu da Akaba da Sharmusheik, ko kuma bakhira ce, wato jirgin fasinja, ta Sawakin a Sudan wadda 'yan uwanmu na Gadarif da Kasala da Maiurno suke shigowa Umra da ita, sai na zaunar da shi na yi masa wannan bayanin.

Ku fara sanin abin da kuke gudu

Ciwon da ya fi kwantar da mutane a jirgin ruwa sunan ƙwayar cutarsa norobairos. An samo sunan daga wani gari Norwalk a jihar Ohayo ta Amurka inda ta ɓarke a wata makarantar firamare a 1968. Ba cutar teku bace, tana nan a makarantu da asibitoci da gidajen biki, kawai dai a jirgi mutum dubu biyu ko uku suna cin abinci waje ɗaya, suna kama ƙarfen bene ɗaya, suna danna maɓallin asansir (lif) ɗaya, to nan da nan take zagayawa. Daga shigarta jiki zuwa fara ciwo awa 12 ne zuwa 48, ciwon kansa kwana 1 zuwa 3 yake yi, amai mai ƙarfi, gudawa kamar ruwa, murɗawar ciki, wani lokacin da ɗan zazzaɓi da ciwon jiki. Abubuwa uku ne suka sa take da wuyar sha'ani. Ƙwayoyi 'yan kaɗan, da basu kai ɗari ba, sun isa su kwantar da babban mutum, alhali mai ciwon yana fitar da biliyoyi. Tana iya zama a kan mariƙin ƙofa ko rimot kwanaki har makonni tana jira. Na ukun kuma shine wanda na fi so ku riƙe: sanitiza ba ta kashe ta yadda ya kamata. Wannan mu'aƙƙim ɗin da muka saba da shi tun lokacin korona, wanda aka riƙa fesa mana a ƙofar kowane mol, yana aiki a kan mura da korona in yana da giyar magani kashi 60 cikin ɗari zuwa sama, amma norobairos tana da ɓawo mai tauri da baya narkewa da shi. Sabulu da ruwa ne suke wanke ta su tafi da ita cikin magudana.

Mu kuwa a wancan tafiyar kowa da 'yar kwalbarsa rataye a jaka, muna shafawa muna jin mun gama tsaro.

Tun kuna gida

Ku yanke farce, naku da na yara, kwana ɗaya kafin tafiya, ƙarƙashin farce ne maɓoyar datti. Masu zobba da yawa ku rage, ki bar guda ɗaya in ya zama dole, don ƙasan zobe baya wankuwa sosai. Lalle ba matsala bane, ki yi abinki.

A jaka kuma ga abin da bana tafiya babu shi: sabulun ruwa ƙarami a jakar hannu (ba a babbar akwati ba, don akwati sai ta yi awanni kafin ta iso ɗaki), mandil (tishu) mai yawa, ledoji ƙanana na zuba ƙazanta, safar hannu ta roba kamar guda goma, takunkumi, sacet ɗin ruwan gishiri da sukari wato ORS daga saidaliyya (kantin magani) kamar guda goma zuwa sha biyu in kuna da yara, farasitamol, maganin jiri na teku, da ma'aunin zafin jiki. Mai hawan jini ko ciwon suga ya ɗauki maganin da zai wuce kwanakin tafiyar, kuma a cikin kwalinsa na asali. Wanda zai kasance cikin harami ya nemi sabulu mara ƙamshi, ana samunsa a saidaliyya da shagunan kayan alhazai, kar a ce don harami an bar sabulu gaba ɗaya. In lokacin sanyi ne allurar mura tana da amfani musamman ga tsofaffi, amma a yi ta kamar sati biyu kafin tafiya don sai ta ɗauki wannan lokacin kafin ta kama jiki. Sannan ku tambayi maganar inshorar lafiya ta tafiya, asibitin cikin jirgi na kuɗi ne kuma ba arha ba.

In wani a gidan ya kwana yana amai ko gudawa ana saura kwana ɗaya ko biyu tafiya, dan Allah ku faɗa. Manyan jirage suna tambaya kafin a shiga, wasu takarda ake cikewa wasu a waya, kuma nasan abin da ke zuwa zuciya, an biya kuɗi, yara sun ɗoku, sai mutum yace ai da sauƙi. To mutum ɗaya da ya ɓoye shine yake kwantar da ɗaruruwa, a cikinsu akwai jarirai da tsofaffin da gudawar kwana biyu za ta iya kai su inda ba a so. Wannan hakki ne.

Yadda ake wanke hannun

Kar kuce kun sani ku tsallake nan, ni ma haka na ɗauka. Mu mutane ne masu alwala sau biyar a rana, muna tsarki da ruwa, sai muke ganin ai mun fi kowa tsafta, kuma gaskiya ne muna da abin da wasu basu da shi, Manzon Allah SAW ma ya yi umarni in mutum ya tashi daga barci kar ya tsoma hannu a mazubi sai ya wanke shi sau uku don bai san inda hannun ya kwana ba. Amma alwala ibada ce, ba a sa sabulu a cikinta, kuma ruwa zalla baya cire wannan ƙwayar daga fata yadda ya kamata. Ka yi tsarki da hagu, ka kama kan shaɗɗaf (tiyon tsarki) da dama wanda mutum hamsin suka kama kafin kai, ka fito ka kuskure baki ka shaƙa ruwa da wannan hannun. Kun ga inda ta shiga? Don haka tsarin shine tsarki, sannan sabulu, sannan alwala. Kullum a haka.

Ki jiƙa hannu da ruwa mai gudu, mai ɗumi ko mai sanyi duk ɗaya ne. Ki sa sabulu ya wadata har ya yi kumfa. Ki cuɗa tafi da tafi, sannan ki ɗora tafin dama a bayan hagu ki zura yatsu tsakanin yatsu, ki juya ki yi wa ɗayan. Ki kama babban yatsa ki murza shi kamar kina matse lemon tsami, shi ne ake mantawa kuma shi ne yake taɓa komai. Ki tara kan yatsu ki goga su a tsakiyar tafin ɗaya hannun don ƙarƙashin farce ya samu, sai wuyan hannu, ki ɗan ja awarwaro sama. Cuɗawar kaɗai kar ta gaza daƙiƙa 20, banda jiƙawa da ɗauraya, in aka haɗa duka ana kaiwa daƙiƙa 40 zuwa minti ɗaya. Ki ƙirga a zuciya ɗaya zuwa ashirin a hankali, ba irin ƙirgen yara na wasan ɓuya ba. Wasu suna cewa a karanta wata sura don auna lokaci, ni dai bana so tunda yawanci a hammam (bayi) ake, ƙirgen ya isa. Ki ɗauraye sosai yatsu suna kallon ƙasa, ki goge da mandil har ya bushe don jiƙaƙƙen hannu ya fi kwasar datti, sannan da wannan mandil ɗin ki rufe famfo, da shi ki buɗe ƙofa, ki jefa a kwandon da ke bakin ƙofar. In kika wanke hannu tas sannan kika kama mariƙin ƙofar bayin jama'a da tafinki, kin dawo inda kika fara.

Yara sai an tsaya a kansu. Ni ina tsayawa a bayan yarinya in kama hannayenta cikin nawa mu cuɗa tare muna ƙirgawa da ƙarfi, bayan kwana biyu ita ke tuna min. Yaro in aka ce masa je ka wanke hannu, kan yatsu zai jiƙa ya goge a riga ya dawo.

Lokutan da babu sassauci: bayan hammam, bayan canza wa jariri famfas ko wanke wa yaro kashi, kafin cin komai ko da dabino ɗaya ne, kafin haɗa wa jariri madara ko bashi nono, kafin shan magani, da duk sanda kuka dawo ɗaki daga waje. Sanitiza kuma kar a yar da ita, tana da wajenta, bayan atishawa, bayan musabaha, ko inda babu famfo kusa, amma ƙari ce a kan sabulu, bata maye gurbinsa.

Ɗaki da hanyoyin jirgi

Da kun shiga ɗaki, kafin yara su haye gado, a wanke hannu, sannan a goge abubuwan da hannu ke yawan taɓawa, rimot, mariƙin ƙofa, maɓallan fitila, kan wayar ɗaki, famfo, abin danna ruwan masai da kan shaɗɗaf ko buta. Ku duba jikin ledar mandil ɗin gogewa, wanda aka yi da sinadarin kilorin ko haidurojin feroksaid shi ne mai aiki a kan wannan ƙwayar, na goge jikin jarirai ƙamshi kawai zai bari. Wayarku ma a riƙa goge ta, muna shiga da ita bayi muna fitowa da ita teburin abinci.

In da hali ku riƙa amfani da hammam ɗin ɗakinku, ko da sai an hau bene biyu an koma. Na jama'a wanda ke kusa da wajen cin abinci da wajen ninƙaya shi ya fi kowanne cinkoso. Maɓallin asansir ki danna da gaɓar yatsa ko gwiwar hannu. Ƙarfen bene kuwa ku kama shi, kar wani ya ƙi riƙewa don tsoron cuta jirgi ya yi tangaɗi ya faɗi, karaya a tsakiyar teku ta fi gudawa muni, ku kama kawai ku san cewa wannan hannun baya zuwa baki ko ido ko hanci sai ya ga sabulu.

Wajen cin abinci, nan ne aikin yake

Bufe na nufin mutum ɗari uku sun kama cokalin zuba shinkafa ɗaya kafin ke. Abincin kansa yawanci lafiya lau yake, mariƙin cokalin ne matsalar. Ga yadda nake yi yanzu: in wanke hannu a famfon da ke ƙofar shiga (manyan jirage suna da su jere a bakin ƙofa), in ɗebo abinci, in ajiye a tebur wani ya tsare min, in koma in sake wankewa, sannan in zauna. Eh sau biyu. Mu masu cin abinci da hannu wannan na biyun ya fi na farkon muhimmanci, don Bature zai kama cokalin bufe sannan ya ci da cokali mai yatsu, ke kuma za ki kama shi sannan ki cusa yatsu biyar cikin kabsa ki kai baki ki kuma ba wa yaro a baki. Gurasa ma haka, da hannu ake yagarta. In akwai wajen da ma'aikaci ne yake zuba wa mutane, ko gidan abincin da ake kawo wa mutum a tebur, ku fi zaɓarsa. Kar a tura ƙananan yara su ɗebo da kansu.

Sai maganar da tafi min wuya, cin abinci a faranti ɗaya. Gwaggo ta saba a haɗa komai a babban tire a zauna a kewaye, tace albarka tana cikin haɗuwar hannu, kuma ni ma a haka na tashi. A tafiyarmu ta biyu na ce mata, "Gwaggo kiyi haƙuri, kwana bakwai ɗin nan kowa da farantinsa, in mun koma gida ni da kaina zan haɗa mana tire." Ta ɗan yi shiru tace "To 'yar nan, ai na ga abin da ya faru bara, zuba min nawa." Zama tare yana nan, hira tana nan, hannaye ne kawai ba a haɗawa. Haka kofi ɗaya da ake zagayawa da shi, da kwano ɗaya na wanke hannu da kowa ke tsomawa, wannan na ƙarshen ma ko a gida ya kamata mu bar shi, na farko ne kaɗai ya wanke hannu, sauran dattinsa suka shafa. A zuba wa mutum ruwa daga buta yana cuɗawa.

Abinci mai zafi a ci shi da zafinsa, mai sanyi da sanyinsa, wanda ya yi ɗumi-ɗumi a tire a bar shi. Ɗanyun kayan teku irin su kawa ku ƙyale su, suna daga cikin abubuwan da suka fi ɗauko norobairos, kuma ɗan turara su sama-sama baya kashe ta. Ruwan manyan jirage ana tace shi ana sa masa kilorin, amma in za ki cika gorarki kar bakin gorar ya taɓa bakin famfon, ki tara a kofi mai tsafta ki juye. Kuma kar a kwashi abinci a kai ɗaki a ajiye "don anjima", dafaffen abinci in ya wuce awa 2 a waje ya zama abin tsoro, a zafinmu na nan da yake wuce digiri 32 ma awa 1 ne.

Gaisuwa, wanka, da sauka gari

Za ku haɗu da 'yan uwa a jirgi, Bahaushe kuma baya ganin ɗan uwansa ya wuce, ga sallar jam'i ga musabaha bayan sallama. Ba na ce a daina ba, amma in an ji ciwo ya shigo jirgin, sallama da hannu a ƙirji ta wadatar, babu wanda zai ji haushi. Ku tafi da dardumarku. Jarirai kuma a rage miƙa su hannu-hannu ana sumbata.

Mai gudawa baya shiga wajen ninƙaya, yaro mai famfas ma haka, kuma a hana yara haɗiye ruwan. Kwamin ruwan zafi mai kumfa ɗin nan, tsofaffi da masu ciwon ƙirji gara su haƙura da shi, tururinsa yana iya ɗauke da ƙwayar da ke kawo ciwon huhu in ba a kula da ruwan sosai ba. Tari da mura su ma suna yawo a jirgi, kowa ya tuna jirgin Diamond Princess da aka tsare a Yokohama ta Jafan a Fabrairun 2020, mutum sama da 3,700 a ciki, sama da 700 suka kamu da korona. Mai tari ya sa takunkumi, tsoho ma ya sa a wajen cinkoso, a fi zama a sarari inda iska ke kaɗawa.

In jirgi ya tsaya kun sauka gari, ruwan gora mai rufaffen murfi kawai, ban da ƙanƙara, ban da salak da yankakkun 'ya'yan itace na bakin hanya, ku sayi wanda za ku ɓare da kanku kamar ayaba da lemo. Da kun dawo jirgi sai famfo kafin komai.

Masu bin bakhirar Sawakin

Ku naku ya bambanta, tafiyar dare ɗaya ce amma jiran da ake yi a tashar Usman Digna kafin a shiga wani lokacin ya fi tafiyar kanta tsawo, ga rana ga cinkoso, bayi kaɗan mutane da yawa, ruwa yana iya yankewa. Kuma tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 harkar ruwan sha da asibitoci ta taɓarɓare, kwalara ta yi ta ɓulla a jihohi da dama na Sudan. Don haka ki riƙe sabulunki da butarki, da gora ɗaya babba da kika ware don wanke hannu kaɗai, wani ya zuba miki ki zuba masa. Ruwan sha na gora ko tafasasshe. Guzuri ya zama busasshe, dabino, gyaɗa, biskit, busasshiyar gurasa, ful da ta'amiyya da dafaffen ƙwai a cinye su da wuri kar su kwana a leda cikin zafi. In kuka ga gudawa fara tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, mutum yana zubewa cikin 'yan awanni, wannan ba ta jira bace, a fara ɗura masa ORS nan take a kira ma'aikatan jirgi, kwalara tana kisa cikin yini ɗaya in ba a mayar da ruwan jiki ba.

In wani ya yi amai a gabanku

Ku janye yara ku bar wajen nan da nan, ba don ƙyama ba, amai yana fantsama ƙananan ɗigo a iska su sauka a kan tebur da abinci da leɓe. Abincin da ke kusa a bar shi. A kira ma'aikata, suna da kayan aiki da maganin da ya dace, kar ki ce bari in taimaka da mandil. Kuskuren da na yi kenan a daren can, na kwashe bargon da hannuna na kai hammam na ɗauraye, na shafa sanitiza na koma na rungume yarinya, bayan kwana biyu ni ce a kwance. In a ɗakinku ne kuma dole sai kin taɓa, ki sa safar hannu da takunkumi, ki naɗe kayan a hankali ba tare da kakkaɓewa ba, ki ƙulle a leda, ki kira a zo a ɗauka a canza shimfiɗa, sannan sabulu har gwiwar hannu.

In ciwon ya kama ku

Farko ki bambanta shi da jirin teku. Jirin teku tashin zuciya ne da juwa da gumi mai sanyi, baya zuwa da gudawa ko zazzaɓi, yana sauƙi in an fita iska an kalli inda sama ta haɗu da ruwa, ko an koma tsakiyar jirgi a benen ƙasa inda tangaɗi ya fi sauƙi, citta ma tana taimakon wasu, maganinsa kuma kafin jirgi ya tashi ake sha kuma yana sa barci. Amma in gudawa ta kai sau 3 cikin awa 24, ko amai ya haɗu da murɗawar ciki ko zazzaɓi ko ciwon jiki, ki ɗauka ita ce. Ki zauna a ɗaki ki kira asibitin jirgi ta waya, kar ki taka zuwa can kina bin asansir. Za su ce ki killace kanki, abinci za a kawo miki ɗaki, ki bi abin da suka ce, ba wulaƙanci bane. Su ma ana bibiyarsu, a Amurka misali hukumar yaƙi da cututtuka tana bayyana sunan jirgi a fili in masu ciwon sun kai kashi 3 cikin ɗari na fasinjoji ko ma'aikata, shiyasa suke son a faɗa da wuri.

Maganinta ruwa ne. Sacet ɗaya na ORS a yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa, kar a ƙara kar a rage. In babu, lita 1 na ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe ba a tula ba, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kurɓi-kurɓi ake sha, yaro cokali ɗaya duk minti ɗaya ko biyu, in ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba a hankali. Mai shayarwa kar ta daina ba da nono. Lemon kwalba da jus mai zaƙi suna ƙara gudawa. Falajil da sauran magungunan kashe ƙwayoyin cuta da muka saba afawa da zarar ciki ya juya basa yi wa bairos komai, maganin tsayar da gudawa kuma ba a ba yara, babba ma baya sha in akwai jini a bayan gida ko zazzaɓi mai zafi. Abin da za ki sa wa ido shine bushewar jiki: baki ya bushe, fitsari ya ɗauke ko ya yi ja sosai, yaro yana kuka babu hawaye, ido ya faɗa, maɗigar jariri ta lotsa, ko mutum ya miƙe jiri ya kwashe shi. Ko ɗaya kika gani, ko jini, ko yaro ya kasa riƙe ko cokali ɗaya na ruwa, likita yanzu-yanzu ko da ƙarfe ukun dare ne. Tsoho mai shan maganin suga ko na hawan jini a tambayi likita tun ranar farko ko zai ci gaba da sha, don wasunsu suna wahalar da ƙoda in jiki ya bushe.

Mutum ɗaya ne zai yi jinya, ba kowa ya zo ya taɓa goshi ba. Tawul daban, kofi daban, buroshin haƙori a ɗauke shi daga kusa da masai, a rufe murfin masai kafin a danna ruwa.

Bayan an sauka

Jin sauƙi ba shine ƙarshenta ba, mutum yana ci gaba da fitar da ƙwayar a bayan gida har sati biyu ko fiye. Wadda ta yi ciwon kar ta shiga kicin ta yi wa mutane girki sai ta cika awa 48 da tsayawar amai da gudawa, masu aikin girki ko raino a gidajen mutane ku faɗa wa uwar ɗakinku gaskiya ku nemi kwana biyun nan, yaro ma kar a kai shi makaranta. Ziyarar tsofaffi da barkar haihuwa a ɗan jinkirta, tsaraba ba za ta lalace ba. Kayan da aka dawo da su a wanke da ruwa mafi zafi da injin zai iya, a shanya a rana su bushe ƙarau. Hammam a wanke shi da Clorox (ruwan bilic), kamar babban cokali ɗaya da rabi a lita 1 na ruwa don goge famfo da mariƙin ƙofa, inda amai ko kashi ya taɓa kuma kofi 1 a kofi 9 na ruwa, a bar shi ya yi minti 5 kafin a ɗauraye, taga a buɗe. Kuma dan girman Allah kar a haɗa Clorox da Flash ko wani maganin wanke masai, hayaƙin da suke fitarwa yana shaƙe mutum a cikin bayi. In kun dawo Jidda ko Makka ciwon bai saki ba bayan kwana uku, ku kira 937 na ma'aikatar lafiya ku yi magana da likita, in abin ya yi tsanani kuma 997 motar asibiti ta zo, kuma ku faɗa musu daga jirgin ruwa kuka sauko da ranar da ciwon ya fara.